Yadda Ukasha Ya Kawo Tsarin Bilgafur Ard al-Liwa

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Ard al-Liwa ta birnin Alƙahira a shekarar 2012 ya ce bai san Ukasha Indiya ba, to ko dai kurma ne, ko kuma bai taɓa shan shayi a ahwa, wato gidan shayin bakin layi, ba. Ukasha ɗan Gusau ne, ya zo Alƙahira karatu, karatun ya yi gaba ya bar shi a tsaye. Abin da ya riƙe da hannu biyu shi ne wata tafiya da ya taɓa yi zuwa Indiya, lokacin da ya raka kawunsa aikin gwiwa. A hanyarsu ta komawa filin jirgi mota ta lalace a wani ƙauye mai suna Bilgafur, suka yi zaman jira daga azahar zuwa la'asar. Wannan zaman jiran shi ne digirin Ukasha.

Ka ce masa ana zafi, ya ce ba ka ga zafin Bilgafur ba. Ka kuskura ka ce yau cinkoso ya yi yawa, shi ke nan ka jawo wa kanka. Sai ya ajiye kofi ya gyara zama.

"Cinkoso? Ku ai tsari ne ba ku da shi. Bilgafur mutum dubu uku ne, maza sun ɗara mata kaɗan. Tashar jirgin ƙasa tana can nesa, tafiyar rabin yini. Bas sau ɗaya take leƙowa a rana. Tuk-tuk, keke mai taya ukun nan, biyu ne kacal a garin, biyu! Amma ban ga mutum ɗaya ya makara ba."

Lawal, abokin ɗakinsa, ya ce, "Makon jiya dubu biyu ka ce."

"Ana haihuwa, Lawal."

Haka mutanen Bilgafur suka yi ta hayayyafa a bakin Ukasha babu ungozoma. Zamanin kuma ya yi masa daidai, don tun bayan juyin juya hali kowa a Masar ya zama masani. Mai aski yana gyara tsarin mulki, mai sayar da ful, wato dafaffen wake, yana gyara tattalin arziki. Ukasha ya duba ya ga fannin sufuri babu mai shi, ya ɗare.

Abu ɗaya ne ya fi Bilgafur daraja a zuciyarsa, wato Tagwa, 'yar Baba Ishaƙ mai turare. Baba Ishaƙ Bahaushen Sudan ne, irin waɗanda kakanninsu suka taso daga Sakkwato za su Makka suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Dattijo ne mai sanyin magana da farin rawani. Ukasha ya daɗe yana zarya, Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Son da Ukasha ke yi wa yarinyar nan kuwa na gaskiya ne, shi kaɗai ne abin da bai taɓa ƙara wa gishiri ba.

Ana nan sai bikin Mahasin, yayar Tagwa, ya taso. Dangin ango sun kama zauren walima a unguwar Muhandisin, tsallaken layin dogo. Baba Ishaƙ ya tara mutane a falonsa don a san yadda za a kwashi jama'a da abinci. Husam, ɗan ƙanwarsa mai tuƙin mikrobas, ƙaramar bas ta haya, ya ce shi zai yi sawu biyu, in dai ya samu mai, don a kwanakin nan layin mai ya fi layin gurasa tsawo.

Ukasha ya yi gyaran murya ya miƙe. Lawal ya ja masa riga, ya fizge.

"Baba, Allah ya ƙara girma. Mu nawa ne masu tafiya?"

"Kamar talatin."

"Talatin! To a yi lissafi. Idan mutum dubu huɗu sun wadatu da tuk-tuk biyu..."

"An sake haihuwa," in ji Lawal ƙasa-ƙasa.

"...mu talatin ai taya ɗaya ma ta yi mana yawa. A bar Husam ya huta. Ni zan kawo tuk-tuk guda, in yi masa tsarin Bilgafur, in tuƙa da kaina."

Husam ya ce, "Ka iya tuƙi?"

"A gaban idona aka yi ta tuƙa shi, tun daga azahar har la'asar."

Lawal ya ce, "Kai Ukasha, tuk-tuk ba ya ƙetare mazlaƙan. Can Muhandisin 'yan sanda kama shi suke yi."

Mazlaƙan ita ce mararrabar da titi ya haye layin dogo, ita ce iyaka tsakanin masu tuk-tuk da masu motoci. Ukasha ya yi murmushin tausayi, ya ce a Bilgafur babu wannan ƙauyancin.

Baba Ishaƙ ya kalle shi yana jan carbi. Ya ce, "Ya zol," wato kai mutumin nan a bakin mutanen Sudan, "na ji bakinka shekara guda, ban taɓa ganin hannunka ba. Na ba ka. Ka kai ni da mutanena lafiya ranar Juma'a, ranar Litinin ka turo manyanka."

Wani daɗi ya kama Ukasha har ya rasa ƙofar fita. A kan matakala ya tarar da Tagwa tana jiransa, fuskar nan a ɗaure.

"Ukasha, me ya kai ka?"

"Ke ai murna za ki yi. Litinin fa aka ce!"

"Ina tsoro ne. Ni ina sonka, ka sani. Da shiru ka yi, da Baba ya gaji ya ba ka ni don kansa. Don Allah ka koma ka ce Husam ya zo."

"In janye magana a gaban surukai? Tagwa, ba ki san wanda za ki aura ba."

Ta ce, "Abin da ke damuna ke nan, na sani."

Ranar Alhamis ya karɓo hayar tuk-tuk a wurin wani Bamisire, Usta Ragab, ya ce masa kayan biki kaɗan zai ɗauka. Daga nan bai zame ko'ina ba sai wurin kafinta. Aka ɗaure katako ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ɗaya a baya, kowanne ya fito waje kamar benci. Kafinta ya ja da baya ya kalli aikinsa, ya ce shi dai an biya shi, amma kada a faɗi sunansa. Matan unguwa suka fito baranda suna kallo. Wata ta tambaya ko jirgin sama ake haɗawa, wata ta ce a'a, makara ce ta iyali gaba ɗaya.

Juma'a da la'asar amarya ta wuce da ƙawayenta a motar dangin ango. Saura dattawa, abinci, da ɗaliban da suka zo taya murna da ciki. Ukasha ya fito da sabuwar shadda, ya tsaya gaban tuk-tuk yana raba mutane kamar mai rabon gado.

Baba Ishaƙ ya shiga kujerar ciki, ga farar jallabiya, ga rawani, abokansa biyu suka matse shi dama da hagu. Katakon dama aka ba Gwaggo Fatuma, yayar Baba, mace mai jiki masha Allah. Ukasha ya kalle ta, ya kalli ɗalibai, ya zaɓi ramammu uku ya jera a katakon hagu. Ya ce wannan shi ake kira daidaito. A katakon baya aka ɗora ƙatuwar tukunyar miyar kuɓewa, wadda mutanen Sudan ke kira weka, da ɗalibai biyu masu riƙonta.

"Lawal, hau sama."

"Wace sama?"

"Rufi. A Bilgafur rufin mota ya fi cikinta cika."

"Na bas ka gani, na ƙarfe. Wannan tamfol ne."

"Tamfol ɗin Indiya ne, Lawal. Can ake ƙera su. Hau, riƙe tiren gurasa."

Lawal ya hau yana kalmar shahada. Ukasha ya nuna wa Tagwa ɗan wurin da ya rage mata kusa da Gwaggo. Ta ce ita ƙafarta lafiya lau, za ta taka.

Ya tayar da injin, ya murɗa totur da ƙarfi ya saki kuloci gaba ɗaya. Tuk-tuk ya yi tsalle kamar akuyar da aka taka wa wutsiya, ya mutu. Gwaggo Fatuma ta ce innalillahi. A karo na biyu ya tashi, ya fara rarrafe yana nishi, hayaƙi na fita ta ko'ina.

Abin da Ukasha bai lissafa ba shi ne lungunan Ard al-Liwa ba su san an yi wa tuk-tuk fuka-fukai ba. A kwanar farko katakon hagu ya share kwandunan tumatir na wata mai talla. Ɗaliban nan uku suka ɗaga ƙafafu sama a tare. Matar ta biyo su da takalmi a hannu tana ambaton iyayen direba ɗaya bayan ɗaya.

Ukasha ya waiwaya ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya hajja! Gwaji ne!"

Baba Ishaƙ ya ce daga ciki, "Ya zol, kalli gabanka."

Gaban kuwa akwai aiki. Matan Masar ba sa saukowa daga bene don sayen 'yan kaya, kwando suke zurowa da igiya daga baranda. Wata daga hawa na uku ta zuro nata don a sa mata madara, daidai lokacin da Lawal ke wucewa a sama. Igiya ta naɗe tiren gurasa. Matar ta ji nauyi, ta ɗauka mai shago ya cika mata, ta fara ja. Lawal ya ga abincin biki yana hawa sama, ya miƙe tsaye ya cafke.

Ƙyaaat! Tamfol ɗin Indiya ya buɗe baki. Lawal ya zurma har ƙugu, ƙafarsa ɗaya ta sauka a kafaɗar Baba Ishaƙ ta dama, ɗaya a ta hagu, rawani ya nutse har hanci. Tire kuwa ya ci gaba da tafiyarsa zuwa hawa na uku, gurasa na zubowa kan jama'a.

Daga ƙarƙashin rawani aka ji murya a sanyaye. "Ƙafar wa ce wannan?"

"Tawa ce, Baba. Ku gafarce ni. Ba na iya hawa, ba na iya sauka."

"Ukasha, tsaya."

"Baba, in na tsaya ba zai sake tashi ba. A Bilgafur ma sai an isa ake gyara zama."

A bakin kowace kwana sai su tarar da Tagwa a tsaye tana jiransu, ita da ke tafiya a ƙafa. Kallon da take yi masa ne ya fara sa gumi ya jiƙa sabuwar shadda.

Sun kusa fita babban titi takalmin Gwaggo Fatuma ya suɓule. Baiwar Allah ba ta yi shawara da kowa ba, ta dire don ta ɗauka. Daidaito ya tashi aiki. Ɓangaren dama ya yi sama, na hagu ya yi ƙasa, ramammun nan uku suka gangara cikin kwata ɗaya bisa ɗaya. Tukunya ta karkace, weka ta leƙo ta wanke gwiwoyin masu riƙonta.

"Gwaggo, koma! Don girman Allah koma!"

"Kai yaro, ni ce dutsen awonka?"

Ta koma dai, don ƙaninta na ciki. Ta zauna da fushi, tuk-tuk ya dawo daidai da ƙara, har Lawal ya ƙara nutsewa. Yanzu kuma sun yi jama'a. Masu shaguna, masu zaman ahwa da mai tumatir duk suna biye, wasu na tafi, wasu na ɗaukar hoto da waya. Ukasha ya ɗaga musu hannu. A ransa ya ce dama duk sabon tsari sai an yi masa dariya kafin a kwaikwaya.

Suka iso mazlaƙan. Sauran masu tuk-tuk duk a nan suke sauke fasinja su juya. Suka yi ta yi masa ihu, "Ina za ka? Ya Afriki, ina za ka?" Ukasha ya ƙara wuta.

Tayar gaba ta haye ƙarfen farko lafiya. Tayoyin baya suka zo suka daki ƙarfen, tukunya ta yi baya da nauyinta, sai ga goshin tuk-tuk ya ɗaga sama. Ukasha ya tsinci kansa yana kallon gajimare, yana murɗa kan keke hagu da dama, tayar gaba tana juyi a iska. Katakon baya ya ce ƙaras. Tukunya ta kife a tsakiyar layin dogo, weka ta malala ko'ina.

Sai ƙararrawa ta fara kaɗawa. Jirgi na zuwa.

Wanda bai taɓa ganin mutum yana gudu a kan miyar kuɓewa ba, bai ga abin tausayi ba. Ɗalibai suka dire, santsi ya kwashe su. Masu zuwa ceto suka shigo da gudu, suka wuce a zaune. Gwaggo Fatuma ta sauka, tuk-tuk ya kwanta a gefe a hankali, ya zazzage Baba Ishaƙ da abokansa cikin miya, Lawal na maƙale a wuyansa har yanzu. Mai gadin mararraba ya ruga kan layi da jan ƙyalle yana ihu. Allah ya taimaka jirgin ya riga ya rage gudu don shiga gari. Ya yi ta kukan burki, ya zo ya tsaya ƙiƙam, direban ya leƙo yana faɗin maganganun da ba a maimaitawa ranar Juma'a.

Jirgin kudu ne, cike maƙil da mutanen karkara. Kowace taga ta cika da kawuna. Wani ya ce a miƙo masa gurasa tunda miya ta samu. Wani ya tambaya ko wannan ce sabuwar gwamnatin. Ukasha ya miƙe, santsi ya mayar da shi, ya sake miƙewa. Idonsa ya kai kan rufin jirgin, ya hango samari zaune a sama suna dariya. Fuskarsa ta washe.

"Baba, ku duba! A kan rufi! Ban faɗa muku ba? Tsarin Bilgafur ke nan, har ya iso Masar!"

Majiya ƙarfi suka taru suka ɗaga tuk-tuk cak, suka dire shi a tsallake, wato ɓangaren Muhandisin, daidai gaban wani ɗan sanda da ya daɗe yana kallo da hannu a ƙugu. Ɗan sandan ya zare makulli ya sa a aljihu. Kafin Ukasha ya buɗe baki sai ga Usta Ragab ya keto taro, labari ya riske shi a ahwa. Ya kalli yagaggen rufi, ya kalli katakai, ya riƙe kansa, sannan ya saki kan ya riƙe wuyan shaddar Ukasha.

Ana cikin haka aka ji hon. Husam ne da mikrobas. Tagwa ta kira shi tun a wurin mai tumatir.

Aka ciro Lawal, aka tayar da Baba Ishaƙ. Farar jallabiya ta koma ruwan ƙasa tana yauƙi, rawani ya warware yana jan ƙasa, a haka uban amarya zai shiga gaban surukai, babu miya babu gurasa. Ya tsaya yana naɗe rawanin a hannu, a nutse, har ya gama. Da ma zagi ya yi, da ya fi wa Ukasha sauƙi.

"Baba, matsalar daga katakon baya ne. A sawu na biyu in an..."

"Ukasha."

"Na'am, Baba."

"Mutanena na ba ka ka tsallakar da su titi ɗaya, ka zubar da su a gaban jirgi. Yaya zan ba ka 'yata ka tafi da ita tsawon rai? Ka ce wa manyanka su yi zamansu ranar Litinin."

Maganar ta shige shi kamar ƙaya. Tsoro na gaske ya kama shi, wanda ko ƙarar jirgin ba ta sa masa ba.

Jama'a suka shiga mikrobas ɗaya bayan ɗaya suna ɗigar da miya. Tagwa ce ta ƙarshe, ta zauna a bakin ƙofa, hawaye na zuba ba ta ko sharewa. Kujerar da ke gefenta babu kowa. Husam ya leƙo ta taga, ya yi kiran da direbobi suka saba yi.

"Saura mutum ɗaya!"

Ukasha ya fizge wuyansa daga hannun Usta Ragab, ya taka ɗaya, ya taka biyu, yana kallonta.

Tagwa ta ɗauki jakarta ta ɗora a kan kujerar, ta ja ƙofa da hannunta.

"An cika, Husam. Yalla, mu tafi."